Tukunya Uku a Ɗaki Ɗaya: Lamarin Wani Matashi Mai Haɗa Shisha a Idi-Araba

Mafari: Satumba 2022 zuwa Yuli 2023

Shekarunsa 24 lokacin da abin ya fara. Mutumin jihar Zamfara ne, ya zo Legas yana sana'ar okada, yana zaune a Idi-Araba cikin ƙaramar hukumar Mushin. Gidanmu ɗaya, irin gidan hayar nan mai dogon lungu a tsakiya, ɗakuna suna kallon juna. Ni ma'aikacin jinya ne a wani ƙaramin asibiti, shi ya sa 'yan gidan ke ce mini Likita, na hana har na gaji. Abin da zan kawo, wani da idona na gani, wani shi da abokansa ne suka ba ni labari daga baya. Ya yarda in rubuta, amma ban da suna.

Ɗakinsa ƙafa 10 ne da 12. Taga ɗaya ce, kuma kwata take kallo, don haka rufinta ya fi buɗinta yawa. Su uku ke kwana a ciki.

A ranar 1 ga Satumba 2022 gwamnatin Legas ta faɗaɗa dokar hana okada ta haɗa da Mushin. Ya sayar da babur, ya ɗan yi dako, daga baya ya zama yaron wani mai gyaran famfo. Shisha kuwa tun yana okada ya koye ta, a wani wuri da ake biya tukunya-tukunya. Da aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayu 2023, Naira ta bi ta faɗi a watan Yuni, kuɗin zama a wurin ya fi ƙarfinsa, tukunyar kanti kuma daga waje ake shigo da ita. Ga shi kullum hannunsa cikin bututu da tiyo yake. Sai ya ce wa abokansa ai wannan ba wani abu ba ne: ruwa ne a ƙasa, wuta a sama, bututu a tsakiya.

Sha a waje bai taso ba. Legas tana da dokar hana shan taba a wuraren jama'a tun 2014, ta ƙasa kuma ta zo a 2015, amma ba doka ce ta dame shi ba. Kunya ce. Dattawan garinsu suna zama a bakin masallacin layin, kuma labari ba ya kwana bai isa gida ba.

Tukunya ta farko: Agusta 2023

Ya samu robar ruwan sha mai cin lita ɗaya da rabi ya yi gindi da ita. Bututun tsakiya guntun farin bututun PVC ne, wanda masu wayarin ke binnewa a bango. Kan tukunyar gwangwanin madara ne da ya huda da ƙusa, ya ɗora kai tsaye a bakin bututun. Tiyon zuƙa kuwa siririn tiyon nan ne garai-garai da magina ke auna daidaiton gini da shi. Ya toshe ƙofofin iska da gam mai kamawa nan take da baƙin salatif. Filebo, wato tabar shisha mai ƙanshi, ya saya a ƙulli, gawayi ya karɓo wajen mai shayi.

Ta yi hayaƙi, kuma a wajensu wannan ita ce nasara. Su huɗu suke sha, kamar sau uku a mako, zama ɗaya bai wuce minti 30 zuwa 40 ba, domin bayan haka hayaƙin ba ya shaƙuwa. Yana kartar maƙogwaro, yana sa hawaye, yana barin ɗaci a harshe har gari ya waye. Cikin mako na biyu bakin bututun ya lanƙwashe ya yi ruwan ƙasa, gwangwanin ya karkace.

Sun ɗauka laifin filebo ne, suka sauya. Suka zuba ƙanƙara a ruwan. Suka gwada lemon tsami, har madara. Bai sauya zani ba.

A mako na uku ya tare ni a bakin famfo yana tari, murya a dashe.

"Likita, mura ce ta kama ni, ka taimaka mini da magani."

Na duba maƙogwaronsa, ya yi ja. Na ce ya riƙa kurkure da ruwan gishiri mai ɗumi, na ba shi farasitamol. Ban tambaye shi abin da yake shaƙa ba, shi ma bai faɗa ba.

Abin da ke faruwa a bakin bututun nan sananne ne. PVC yakan fara laushi tun zafi yana wajen digiri 80 a ma'aunin Salshiyos, wato tun ruwa bai tafasa ba. Garwashi kuwa zafinsa ɗaruruwan digiri ne. Idan PVC ya fara toyewa yana sakin iskar haidurojin kulorayid, wadda da ta taɓa danshin ido ko maƙogwaro take komawa asid. Cikin gwangwani akwai shafen da aka yi don abinci, ba don wuta ba, bayansa kuma fenti. Gam ɗin da salatif ɗin su ma suna fitar da nasu tururin in sun ji zafi. Duk wannan ta bututu ɗaya yake bi.

Tukunyar ta ƙare da kanta a ƙarshen Satumba: garwashi ya zame daga gwangwanin da ya karkace, ya huda robar, ya ƙona katifa tafin hannu guda.

Tukunya ta biyu: Oktoba zuwa Nuwamba 2023

Darasin da ya ɗauka shi ne roba ba ta son wuta, don haka ƙarfe. Ya samu ƙatuwar kwalba. Ya yanko bututun ruwa na ƙarfe a shagon maigidansa, irin mai farin shafe na tutiya, wannan da ake shafa wa kwanon rufi don hana tsatsa. Kan tukunyar soket ne na irin wannan ƙarfen. A maimakon foyil, siririyar takardar alminiyon da ake ɗora garwashi a kai, ya yanko ragar waya, ita ma mai shafen tutiya, ya ɗora garwashi a kanta kai tsaye. Inda iska ke tsira ya kai wa mai gyaran rediyo ya like masa da dalma.

A ido ta fi ta farko nesa ba kusa ba. Ba ta lanƙwasa, ba ta warin roba. Abokansa har hoto suka yi mata.

Daren farko da suka sha da sabuwar raga, wajen ƙarfe 9 suka tashi. Kafin asuba shi da ɗaya abokin nasa suna rawar sanyi, ga ciwon gaɓoɓi, ga ƙishirwa, ga wani ɗanɗanon ƙarfe a baki. Da safe suka je kemis, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka ba su magani na kwana uku. Kafin kwana biyu sun warware, aka yaba wa magani.

Ragar kan ci wuta ta tsinke, sai ya yanko sabuwa. Cikin mako shida zazzaɓin ya dawo masa sau uku. A karo na uku na ce ba zai ƙara shan maganin maleriya ba sai an gwada. Na kawo abin gwajin jini na ɗan yatsa, layi ɗaya ya fito, babu maleriya. Nan ne na matsa masa, ya jawo tukunyar daga ƙarƙashin gado.

Ba ni na gane bakin zaren ba. Wani dattijo ne mai walda a layin, da na kai masa ragar. Ya juya ta, ya shafa yatsa a kan wani farin gari mai ɗan ruwan ɗorawa da ya taru inda garwashi ke zama, ya kalli yaron.

"Kai yaro, wannan kake zuƙa? Mu in za mu yi waldar irin wannan ƙarfe, waje muke fita, mu juya wa iska baya. Ranar da ka shaƙe shi, daren nan ba barci."

"Baba, ai ƙarfe ne."

"Ƙarfe ne mai riga. Rigar ce ke ƙonewa."

Abin da dattijon ya sani a aikace yana cikin littattafanmu. Tutiya tana narkewa a wajen digiri 420. In wuta ta ci ta, tana tashi ta zama farin hayaƙi, wanda ya shaƙa kuma bayan 'yan sa'o'i zazzaɓi mai kama da mura ya rufe shi, ya sake shi cikin kwana ɗaya ko biyu ko an sha magani ko ba a sha ba. Shi ya sa maganin kemis ya ci yabon da ba nasa ba. Dattijon ya ce a ba shi madarar gwangwani, haka masu walda ke yi. Na bar shi ya sha don girman mai maganar, amma madara ciki take zuwa, hayaƙi kuma huhu.

Dalmar ta fi tayar mini da hankali. Irin wadda ake likin waya da ita, mai haɗin kuza, tana narkewa tun a wajen digiri 183, kuma likin yana dab da kan tukunyar, ya yi baƙi ya faffashe. Ita ba ta zuwa da rawar sanyi a yi maza a gane; taruwa take yi a jiki sannu a hankali, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jini da za a kira lafiya lau. Ban sha wahalar yi masa bayani ba. Ɗan Zamfara ne, yana yaro a 2010 lokacin da gubar dalma daga dutsen zinare ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Ya yi shiru, ya ɗauki bututun ya jefa a buhun 'yan gwangwan.

Na ce masa ya bar shishar gaba ɗaya. Ya ce to, irin "to" ɗin da ake yi wa babba.

Tukunya ta uku: Disamba 2023 zuwa Janairu 2024

Wannan karon ya yi tambaya kafin ya haɗa. Ya sayi kan tukunya na yumɓu na ainihi. Bututun na ƙarfen silba ne mara tsatsa, ba shafe, ba liki. Tiyon na silikon ne, mai wankuwa. Kwalbar nan dai ita ce. Ya koma foyil, ya bar gawayin mai shayi ya koma na ƙwaryar kwakwa mai kusurwa huɗu da ake sayarwa a kwali. In ka cire fenti da ado, ba ta da maraba da ta kanti.

Tari ya ragu. Zazzaɓin dare bai sake dawowa ba. Hayaƙin ya yi sanyi, ya yi laushi, sai ƙanshin tuffa da na'a-na'a.

Zama ya tashi daga minti 40 ya koma sa'a ɗaya da rabi, wani lokaci biyu. Daga sau uku a mako ya koma kusan kullum. Garwashi biyu ya koma uku, kuma a cikin ɗakin suke hura shi a kan ƙaramin risho. Da mai gidan hayar ya yi ƙorafin ƙanshi yana cika lungu, suka samu tsumma suna toshe ƙasan ƙofa.

Ciwon kai ya fara, mai sara a goshi, da jiri in an miƙe. Da safe yakan tafi. Suka ce ai shishar ce ta kama, alamar filebo mai kyau ke nan. Sau biyu ya karɓi farasitamol a hannuna cikin Janairu, yana cewa rana ce ta buge shi a wurin aiki.

Daren 7 ga Fabrairu 2024

Laraba ce, Najeriya da Afirka ta Kudu a wasan kusa da na ƙarshe na gasar cin kofin Afirka. An take ƙarfe 6 na yamma. Babu wuta, janaretan gidan kuma an daɗe ba a tayar ba saboda tsadar mai. Su biyar suka shige ɗakin suna kallo a waya, taga a rufe, ƙofa a toshe. Ko sallar Magariba a ciki suka yi. Wasa ya tashi 1-1, aka ƙara lokaci, aka je bugun fanareti. Kusan sa'a uku, sun sauya garwashi sau huɗu.

Da Najeriya ta ci 4-2 unguwa ta ɗauki ihu. Ya zabura zai yi tsalle, sai ya tafi luu ya faɗi a kan kwalbar. Ɗaya ya fara amai. Na ukun ya ce ƙafafunsa sun ƙi ɗaukarsa, da rarrafe ya kai ƙofa.

Da na shiga, ɗakin ba wani hayaƙi mai yawa, sai zafi da ƙanshi. Yana numfashi, bugun zuciya na gudu, ya farfaɗo amma bai san inda yake ba. Wani maƙwabci na cewa a kawo manja, wani na cewa iska ce ta buge shi a yi tofi. Muka fito da su biyar ɗin tsakar gida, aka zuba wa garwashin ruwa, muka sa biyu a Keke zuwa asibiti.

A can aka maƙala masa na'urar yatsa mai auna oksijin a jini, ta nuna kashi 98 cikin 100. Abokin da ya rako mu ya ce alhamdu lillahi. Likitar ba ta saki fuska ba. Ta tambaya ko janareta suka kwana da shi, muka ce a'a. Risho? Gawayi? Da ta ji mutum biyar, ɗaki ɗaya, garwashi sa'a uku, kuma duka da ciwon kai, ta ce a sa musu oksijin ta takunkumin fuska nan take.

Abin da likitar ke zargi iskar kabon monoksaid ce. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Gawayi ke fitar da ita, musamman inda iska ta yi ƙaranci. Tana kama jan sinadarin jini da ke ɗaukar oksijin da ƙarfin da ya ninka na oksijin sama da sau 200, sai jini ya yi ta zagaye ba ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke buƙata. Na'urar yatsa ta yau da kullum ba ta bambance jinin da ya ɗauki oksijin da wanda ya ɗauki wannan guba, shi ya sa 98 ɗin nan ba ta nufin komai. A iskar waje, sai an yi sa'a huɗu zuwa biyar kafin rabinta ya fita daga jini. Da tsantsar oksijin, sa'a ɗaya da 'yan kai.

Sun kwana a kan oksijin. Da hantsi aka sallame su, tare da gargaɗin cewa in an ga mantuwa, ruɗewa ko sauyin tafiya cikin makonnin da ke tafe a dawo da su, domin illarta ga ƙwaƙwalwa takan yi jinkirin fitowa. An kuma rubuta masa gwajin dalma a jini da na ba da labarin tukunya ta biyu. Kuɗin daren ya haura abin da zai sayi tukunyar kanti.

Bayan sallama: Fabrairu zuwa Yuni 2024

Ciwon kai ya bi shi kwana huɗu. Mantuwa ba ta biyo baya ba.

Bai daina nan take ba. Bayan mako biyu suka koma sha a bayan gida, a fili, da sabuwar kwalba. Ba wanda ya sake faɗuwa, amma jirin yana nan in zama ya yi tsawo. Suka gwada filebon da ake cewa ba taba a ciki. Jirin bai tafi ba, shi kuma ya kasa samun abin da yake nema, yana ta ƙunci. A nan ya gane da bakinsa cewa ba ƙanshin ne ke kiransa ba, nikotin ne, sinadarin taba da ke sa a kasa barinta.

Azumi ya kama ranar 11 ga Maris. Muka yi shawara ya jingina barin da shi, tunda yini ya riga ya tafi. Bayan buɗa-baki ne lokacin haɗari, sai ya riƙa wucewa masallaci tun kafin Isha, bayan asham ya zauna wajen mai shayi har barci ya zo. Ya ba ni kan yumɓun da tiyon na ajiye. Kwana goman farko sun yi masa wuya: rashin barci, saurin fushi, cin goro kamar ba gobe. Ranar Sallah, 10 ga Afrilu, ya sha sau ɗaya a wajen abokai, ya zo da kansa ya faɗa mini. Daga nan zuwa ƙarshen Yuni bai ƙara ba.

Cikin sauran huɗun, wanda ya yi aman ya bari. Biyu suna sha a waje. Ɗaya ya koma sigari.

Abin da na fahimta

Duk gyaran da ya yi na gaskiya ne. PVC da gam da gwangwani su suka ƙona masa maƙogwaro, da ya cire su tari ya ragu. Ragar tutiya ita ta kawo zazzaɓi, da ya jefar da ita zazzaɓi ya tafi. Duk abin da aka ƙera don ruwan sanyi, ko wayar wuta, ko abinci, ba a ƙera shi don zama ƙarƙashin garwashi ba, kuma mai haɗawa a gida ba shi da hanyar sanin abin da aka shafa ko aka gauraya a ƙarfen da ya tsinta.

Sai dai tukunyar da ta kai shi asibiti ita ce mai kaya masu kyau. Biyun farko munin hayaƙinsu ne ke korar su bayan rabin sa'a. Ta ukun ta cire wannan birki, ta bar abu guda da bai taɓa zargi ba, domin shi bai ɗauki gawayi a cikin kayan haɗi ba. Masu bincike a Jami'ar Amurka ta Beirut sun nuna a 2008 cewa kusan kashi 90 cikin 100 na kabon monoksaid ɗin shisha daga gawayin yake fitowa. Na kwakwa ne ko na mai shayi, duk suna fitarwa. Ruwan kwalba sanyaya hayaƙi yake yi, ba ya riƙe wannan iska; sanyin ma shi ke sa a zuƙa har ƙasan huhu. Tun 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa zaman shisha na sa'a guda yana iya kai mutum ya shaƙi hayaƙin da yawansa ya ninka na karan sigari ɗaya sau 100 ko fiye. Da tukunyar kanti ce a ɗakin nan ranar wasan, da tsumman nan a ƙasan ƙofa, sakamakon ɗaya ne.

Fita fili ya rage haɗarin faɗuwa, bai taɓa nikotin da kwalta ba. Abin da ya yi aiki shi ne raba shi da tukunyar a lokacin da yininsa da darensa suka riga suka sauya tsari, da kuma samun wanda zai faɗa wa in ya zame ba tare da an yi masa tsawa ba.

Nawa laifin shi ne farasitamol. Sau uku na ba shi ban yi tambayar da likitar ta yi cikin minti biyu ba: me ake ƙonawa a ɗakin, kuma su wa ke ciwon kai tare da kai? Tun Nuwamba na san da shisha a ɗakin, na tsaya kan ƙarfe da dalma, ban ɗaga kai na kalli tagar ba.

Gwajin dalmar har yanzu bai yi ba. Takardar tana cikin ledar da yake ajiye katin shaidarsa, ya ce sai maigidansa ya biya shi kuɗin wani aiki da suka yi a Surulere.